Adda a Cikin Dodon Hoto

Ina da hotunan ƙeyar mahaifiyata da yawa. Ina da na kafaɗarta, da na gefen mayafinta, akwai ma wani da babu komai a cikinsa sai ƙafarta ɗaya da takalmin roba tana shigewa ɗaki. Na fi shekara ashirin ina rataye da kyamara a birnin Katsina, na ɗauki maƙera da magina da 'yan acaɓa da shanun mutane, amma har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa ɗaga kyamara na same ta tana kallona ba. Abin da na nema ke nan tun farko, hoto ɗaya tak da idonta yake kaina.

Ni ne ɗan farinta. Mutanenmu Fulani ne da suka ajiye sanda suka zauna a wani ƙauye arewa da birni, kuma a wajensu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, na tashi ina ce wa mahaifiyata Adda kamar yadda ƙannenta suke ce mata. Sai da na kai shekara bakwai wata yarinya ta gaya mini a bakin rijiya cewa Adda ce ta haife ni, na ce ƙarya take yi, muka yi dambe har tulunta ya fashe.

Ita kuwa sunana a bakinta shi ne "wancan". In na shigo gida sai ta juya wajen murhu ta ce, "A ba wancan abinci." In na yi rashin lafiya sai ta tambayi bango, "Wancan ya sha maganin?" Na san al'ada ce, na san haka aka yi wa ɗan farin kowa a danginmu. Sani bai hana abin yi mini ciwo ba. Ni mutum ne mai riƙo, wannan halin nawa ban taɓa ɓoye shi ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu, shanun da suka rage ba su kai a kira su garke ba. Na riga na samu aikin koyarwa a wata firamare, sai na kwaso Adda da ƙannena muka kama gida a Ƙofar Sauri. Ta zo da awaki biyu da tunkiya da turminta, ta ce birni ko ba birni ba ita ba za ta ci garin inji ba.

A shekarar ce na sayi kyamarata ta farko, a hannun wani tsohon mai hoto da ke da shago a Ƙofar Marusa. Shagon nan yana da labule mai zanen jirgin sama da furanni, rabin mutanen unguwar sun taɓa tsayawa a gabansa suna murtuke fuska. Kyamarar ta ƙarfe ce, mai nauyi, mai cin fim. Babu abin da take yi da kanta. Kai za ka murɗa zoben gilashin har abin da kake so ya fito tangaran, kai za ka auna haske, kai za ka ja fim gaba bayan kowace dannawa. A gabanta akwai wani ɗan maɓalli da in ka wana shi zai yi ta ƙara kamar gyare na daƙiƙa goma, sannan ta ɗauki hoton ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Tsohon ya haɗa mini da mariƙi mai ƙafa uku, ƙafa ɗaya an ɗaure ta da robar taya.

"Malam," in ji shi, "fim talatin da shida ne, ba shi ƙaruwa. Kada ka danna sai ka ja numfashi ka riƙe."

Na riƙe maganar. Kowace Asabar in na yi asuba sai in hau keke in bi gari. Hasken safe ya fi kowane haske tausayin fuskar baƙin mutum; rana na yin sama sai idanu su koma ramuka. Nakan tsaya gindin dalbejiyar da 'yan acaɓa ke taruwa a Ƙofar Kaura, su yi ta tsiya. "Malam, na jarida ne?" In na ce a'a, na kaina ne, sai su dubi juna. Wani ya ce in ɗauke shi a kan mashin amma kada lamba ta fito, don mashin ɗin na yayansa ne, bai san an fito da shi ba. Wani birkila ya sa na jira shi ya wanke ƙafa ya aro hula, da hoton ya fito ya ce wannan ba shi ba ne, shi ya fi haka haske. Ban taɓa karɓar ko sisi a wajen kowa ba, shi ya sa matata take cewa wasu mazan suna da sana'a, nata yana da ciwo.

In fim ya cika sai in kai wajen wanki in jira kwana uku. Za a ba ni ambulan, hotuna a gaba, dodon hoto a baya, wato fim ɗin da aka wanke aka yanka gunduwa-gunduwa. An sa masa suna dodo ne don komai a cikinsa a juye yake: baƙar fuska ta koma fara fat, haƙora su yi baƙi, ido ya zama abin tsoro. Mai wankin ba ya buga duka. Wanda ya ga bai yi ba sai ya tsallake shi, in ka tambaya ya ce, "Wannan ya ƙone," ko "Wannan ya yi hazo." Ni ma ban damu da dubawa ba. Ina zare hotunan sai in jefa dodon a wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

A gida kowa ya sha ɗauka. Ƙannena sun sha, matata ta sha, tunkiyar ma tana da hotuna bakwai. Adda kaɗai ta gagare ni. Ta fi ni sanin kyamarar nan ta wata fuska. Ba ƙarfen take lura da shi ba, idona take gadi ta gefen ido. Kyamara na iya yini a kan tabarma kusa da ita ko a jikinta, amma da zarar na ɗaga ta zuwa fuskata sai ta tuna akuya ba ta sha ruwa ba. Na taɓa jin autarmu, ƙanwata da ta fi kowa sakewa da ita, tana tsokanarta wai ta yi hankali ga kyamara nan a gabanta. Adda ta ce, "In idon wancan ba shi ciki, ai ƙarhe ne kawai."

Na yi dabaru iri-iri. Ranar Sallah na jera kowa na sa ta a tsakiya, na ƙirga ɗaya, biyu, kafin uku ta sunkuya gyaran ɗankwalin jikarta. Ranar suna na ɓuya bayan mutane, hoton ya fito da tafin hannunta. Na aika autarmu ta roƙe ta, ta ce, "Mi zai yi da hoton tsohuwa? Ya tahi ya ɗauki shanu." Da farko dariya nake yi. Daga baya dariyar ta ƙare.

Shekaru suka tafi, fim ya yi wuya a gari, na sayi kyamarar zamani ta hannu, mai memori da batir, mai dogon gilashi da ke jawo abu daga nesa. Da ita ba ka jan numfashi, sai ka danna ɗari ka goge casa'in. Hannuna ya yi sauri, haƙurina ya ragu.

Ana nan aka zo yin katin shaida, aka ce kowa sai ya je. Autarmu ta raka Adda. Da katin ya fito ta kawo mini tana murna, wai ga abin da na daɗe ina nema. Na karɓa na duba. Hoto ne ɗan mitsitsi, bai fi babban yatsa ba, duhu ya cinye rabinsa, fuskar kamar ta wadda aka kama da laifi. Amma idonta biyu a buɗe, tana kallon gaba sosai. Ta zauna a gaban wani baƙo da bai san ko sunanta ba sai a takarda, ya ce ta ɗago, ta ɗago.  Kishi ne ya kama ni, babu wani suna da zan sa masa.

Washegari da la'asar na zo gidan da dogon gilashina. Lokacin na riga na tashi da iyalina zuwa wata unguwa, sai dai kullum nakan biyo in gaishe ta. Ban yi sallama ba. Na laɓe a zaure kamar ɓarawo, na hango ta tana tuƙa tuwo, na jawo fuskarta har ta cika gilashin. Na manta ban kashe fitilar kyamarar ba. Ina dannawa haske ya watsu a tsakar gida, awaki suka zabura.

Adda ta ajiye muciya a hankali. Ba ta juyo ba. Ta ce da autarmu, "Hwaɗa ma wancan, ni ba akuya ba ce da za a laɓe a kama."

Da na yi shiru na fita, da shi ke nan. Amma na fito tsakar gida na tsaya a gabanta, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce, "Adda, baƙo ya ce ki ɗago kin ɗago. Ni da kika haifa, mi na yi maki? Shekara arba'in da wani abu, ko sau ɗaya?"

Wannan kalma, "kika haifa", ba a taɓa furta ta tsakanina da ita ba. Na ga kafaɗarta ta motsa kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta tashi, ta bar tuwon a kan wuta, ta shiga ɗaki ta saki labule. Autarmu ta dafa kai ta ce, "Haba Yaya, mi ya kai ka?" Na duba hoton da na ɗauka a bayan kyamarar. Idonta a runtse, hannunta ya tare rabin fuska. Na goge shi a nan tsaye, na fice.

Daga ranar na yi fushi. Ban yanke zumunci ba, Allah Ya kiyaye, cefane bai taɓa fashi ba, kuma nakan tsaya a ƙofar gida in aika da gaisuwa. Amma ban ƙara taka tsakar gidan ba. Na ce wa kaina tunda ganina ke takura mata, to na hutar da ita. Matata ta yi magana, autarmu ta yi, na ce su bar ni. Wata huɗu cur na yi a haka, ina yawo gari ina ɗaukar fuskokin mutanen da ba su haɗa komai da ni ba.

Ina aji wata safiya aka kira ni a waya, Adda ta faɗi a bakin turmi. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Bayan kwana uku a asibiti aka ce mu dawo da ita gida. Na shiga ɗakin da jakar kyamara a kafaɗa, don ko masallaci da ita nake zuwa. Tana kwance rigingine, wuyanta ba ya juyawa. Autarmu ta matso ta yi mini raɗa tana hawaye, "Yaya, in za ka ɗauka ka ɗauka yanzu. Ba ta iya kau da kai."

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "Adda, sannu. Adda, ki yahe mani." Ba ta da inda za ta juya, sai ta lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya ya shiga kunnenta. Na tura jakar ƙarƙashin kujera da ƙafa, ban buɗe ta ba. Kwana tara ina zuwa ina zama, kullum in na shigo ta rufe ido. Ranar Alhamis da hantsi ta cika.

Bayan an share makoki dangi suka fara tambayata hotonta. Kowa ya ɗauka ina da su jibgi, ni da nake ɗaukar duniya. Wata gwaggonmu ta ce in tura mata ɗaya a waya ta riƙa gani. Na zazzage ambulan-ambulan a tsakar ɗaki, na bi memori ɗaya bayan ɗaya. Ƙeya, kafaɗa, mayafi, tafin hannu. An ce da-na-sani ƙeya ce, ni kuwa ga ta nan cike da ɗaki. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba a maƙabarta.

Da aka ba da hutun makaranta na jawo akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado, ba don ina sa ran komai ba, sai don hannuna ya samu abin yi. Na zauna a bakin ƙofa da rana ina ɗaga dodon hoto ɗaya-ɗaya ina hasko shi. Wasu sun manne da juna, wasu sun yi tabo. A rana ta uku na zo kan wata gunduwa daga shekararmu ta biyu a Ƙofar Sauri, na ga wani da ban taɓa ganin an buga ba.

Nan take na tuna shi. Lokacin ina neman aure ne, na ɗinka sabon kaftani ina so in aika wa yarinyar hotona, ba kuma wanda zan amince wa da kyamarata. Na kafa ta a kan mai ƙafa ukun a tsakar gida, na ajiye kujera, na leƙa na murɗa zobe. Da yake babu kowa a kujerar, sai na daidaita gilashin a kan abin da idona ya samu, wato ƙofar ɗakin Adda da ke can baya. Na wana ɗan maɓallin, na ruga na zauna na gyara hula, gyaren ya yi ta kuka har ta danna. Da na je karɓa mai wanki ya ce wannan ya yi hazo, na ji haushi na je shago aka ɗauke ni.

Gaskiyarsa, ya yi hazo. Ni ne hazon, wani dunƙule a gaba mai kama da buhu. Amma a bayan kafaɗata, a bakin ƙofa, akwai mutum a tsaye ya fito tangaran, fuska fara fat irin ta dodo, tana fuskantar gaba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Na naɗe shi a takarda na nufi Ƙofar Marusa. Shagon ya koma wurin cajin waya, tsohon na zaune a ƙofar gidansa, ido ya yi rauni. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, ya yi mini ta'aziyya, ya yi wa Adda addu'a mai tsawo. Sannan na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya shafa dodon ta gefe da yatsa, yadda masu sana'ar ke riƙe shi.

"Malam, ban san mai wanke wannan ba yanzu a garin nan. Injinan duk sun tahi wajen 'yan gwangwan." Ya miƙo mini dodon. "Amma wanki ai juyi ne kawai. Baƙi ya koma hwari, hwari ya koma baƙi. In na'urarku ta zamani ba ta iya juya abu, mi ta iya?"

Da safe na liƙa farar takarda a gilashin taga, na liƙa dodon a kanta, hasken rana ya biyo ta baya. Ba ni da gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa, sai na cire na kyamarar zamanin na juya shi baibai na riƙe da hannu, dabarar da na taɓa gwadawa a kan tururuwa.  Na ɗauka ya fi sau ashirin, sai da na tuna maganar tsohon, na ja numfashi na riƙe, sannan ɗaya ya fito. Na zuba shi a kwamfuta na ba ta umarnin juyawa. Komai ya koma shuɗi, na yi ta rage shuɗin kaɗan-kaɗan har bango ya zama kalar bango.

Ga Adda. Tana riƙe da faifai, mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, zanen gefen bakinta ya fito ɗaya-ɗaya. A hoton ba ta kai shekarun da nake da su yanzu ba. Ta ga kyamara a tsaye babu ido a cikinta, ta ɗauka ƙarfe ne kawai, ni kuma na ba ta baya. Sai ta tsaya tana kallona. Ƙeyata take kallo, da sabuwar hulata, amma da yake ina tsakaninta da gilashin sai kallon ya zo kai tsaye. Murmushi take yi, irin wanda na taɓa gani tana yi wa ɗan maraƙi ranar da ya fara miƙewa da ƙafarsa. Ban san tana da wannan fuskar ba.

Na kira autarmu na ce ta zo yanzu. Ta shigo da mayafi a hannu tana tambayar lafiya, na juya mata kwamfutar. Ta durƙusa a gabanta ta daɗe tana kuka. Na ce, "Kin gani? Sau ɗaya dai ta taɓa kallona. Allah Ya sa na samu."

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi wani shirme.

"Sau ɗaya? Yaya, ai kullum haka take. Duk ran da ka zo gaisuwa, kana juya baya za ka hita sai ta bar abin da take yi ta bi ka da ido har ka shige zaure. Kowa ya sani a gidan nan. Mun ɗauka kai ma ka sani."

Na ce ban sani ba.

Ta share ido da gefen mayafi. "Wata huɗun nan da ka daina shigowa, in ta ji muryarka a ƙohwar gida sai ta jawo kujera ta zauna saitin zaure. Ko za ka gitta."

Ban gitta ba. Ina tsayawa ne daga gefen ƙofa, inda na tabbata ba za a hango ni daga ciki ba, don ina so ta ji a jikinta. Na shekara arba'in ina ƙorafin ba ta ba ni sai ƙeya, ashe ita ma ƙeyata ce rabonta, kuma ta ishe ta. Ita ce na hana ta a watanninta na ƙarshe.

Na buga hoton babba, na yanke hazon da ke gaba, na tura wa gwaggo da sauran dangi. Nawa na bar shi yadda yake, da buhun a gaba da ita a baya, na rataye shi a bangon da ke fuskantar ƙofar ɗakina. Matata ta ce wurin bai dace ba, mai shigowa ne kawai zai gan shi. Na ce a bar shi nan. In na shigo nakan sunkuyar da kai, har yau ban iya haɗa ido da ita ba. In zan fita kuwa ba na sauri. Nakan tsaya kaɗan a bakin ƙofa, bayana a wajenta, kafin in saki labule.